Sifana Mai Ɗamarar Roba: Gwajin da Na Yi Mata a Kan Tocilolin da Aka Liƙe da Gam

Shekara biyu ke nan da na sayi wasu sifanoni guda biyu masu ɗamarar roba, babba da ƙarama, a wani shagon kayan famfo. Ba gyaran famfo ya sa na saye su ba, wata sha'awa ce tawa da ba kowa ya san da ita ba a wajenmu, wato buɗe tociloli a canza musu kayan ciki domin haskensu ya gyaru. A tsawon wannan lokaci na ɗora su a kan tociloli kusan ashirin, nawa da na 'yan'uwa da na abokai, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da suke iyawa da abin da ya fi ƙarfinsu. Hukuncina a taƙaice shi ne, duk wanda zai taɓa tocilar alminiyam da kamfani ya liƙe bakinta, bai kamata ya fara ba sai yana da su a hannu, amma kuma kada ya ɗauka cewa su kaɗai za su yi masa aikin.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa mutum ya buɗe tocilar da take kamawa lafiya lau? Amsar tana cikin irin hasken da take bayarwa. Farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne, aka lulluɓe shi da wani sinadari rawaya wanda yake mayar da wani kaso na shuɗin zuwa sauran launuka, ido ya haɗa su ya ga fari. Shi wannan shuɗin ƙwai ne ya sa aka bai wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma Nakamura a kamfanin Nichia na ƙasar Japan ya yi nasa aikin. To, yawancin tocilolin da ake sayarwa ana sa musu ƙwai mai farin haske da ya karkata zuwa shuɗi, wajen 6500K a ma'aunin launin haske, saboda shi ne ya fi ɗaukar ido a shago. Ma'aunin da ake auna gaskiyar launi da shi, wato CRI, ƙarshensa 100 ne, irin waɗannan ƙwayaye kuwa a wajen 70 suke tsayawa. A ƙarƙashinsu jar waya da mai ruwan ƙasa sai su yi kama da juna a hannun mai gyaran lantarki, kunama ta saje da rairayi, uwa ta haska jikin ɗanta da dare ta kasa bambance ƙurji da cizon sauro. Ga mutanen da ɗauke wuta ya zame musu abin kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka cire ƙwan aka sa ƙwan Nichia 519A mai 4500K, wato farin da bai karkata zuwa shuɗi sosai ba, wanda CRI ɗinsa ya haura 90, hasken yakan ɗan ragu a lissafi, amma kowane abu sai ya fito da launinsa na rana. Wanda ya taɓa ganin bambancin da idonsa, da wuya ya sake gamsuwa da na farkon.

Matsalar ita ce, kafin ka kai ga ƙwan sai ka kwance zoben bakin tocilar, wanda ya danne gilashi da kwanon da ke tara haske, kuma a nan ne kamfanoni da yawa suke ɗiga gam a cikin tiredi, wato zaren da ake murɗawa. Wannan gam ba irin wanda ake liƙa takalmi da shi ba ne. Ruwa ne da ba ya bushewa muddin yana shan iska, amma da zarar ya shiga tsakanin ƙarfe biyu da aka ɗaure, iska ta yanke masa, sai ya daskare ya zama roba mai tauri da ta cike kowane lungu na tiredin. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Loctite, wanda wani malamin kimiyyar sinadarai mai suna Vernon Krieble ya ƙirƙiro a 1953 a Amurka, yanzu kuma kamfanin Henkel na Jamus ne yake da shi. A tsarin wannan kamfani, shuɗi, kamar mai lamba 242 da 243, matsakaici ne, ana iya kwance shi da kayan hannu. Ja kuwa, kamar 271, an yi shi ne don ya zauna, kuma su da kansu suna cewa sai an gasa wurin ya kai wajen digiri 250 na ma'aunin Salshiyas kafin ya saki. Wasu masana'antun kuma sufagulu kawai suke ɗigawa, wasu gam mai haɗi biyu. Daga waje ba ka da hanyar sanin wanne ne a ciki, sai ka buɗe ka ga launin garin da ya rage.

Kafin in san wannan sifana na yi ɓarnar da har yau take damuna. Kawuna ya ba ni wata tocila da ya daɗe yana ji da ita, ya ce haskenta yana sa masa ciwon ido idan yana karatu da asuba, ni kuma na yi masa alkawarin gyara. Na naɗe bakin da tsumma, na kama da filaya, na murɗa da iya ƙarfina. Zoben bai ko motsa ba, sai dai na ji wani ɗan sauti, da na kware tsumman sai na tarar gilashin ya tsage gida biyu, haƙoran filayar sun ratsa tsumman sun ci baƙin fentin har farin alminiyam ya fito, zoben kuma ya lotse ya daina zama da'ira. Da na kai masa, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ba komai, ɗana, ai da niyyar gyara ka taɓa." Wannan magana ta fi mini faɗa ciwo, kuma ita ce ta sa na zauna na yi tunanin abin da ya faru. Filaya a wuri biyu kawai take kamawa, duk ƙarfin hannu a waɗannan wurare biyu yake taruwa, zoben tocila kuwa siriri ne, kaurinsa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Kana matsawa yana lotsewa, yana lotsewa yana ƙara cije tiredin da kake son kwancewa. Wato da hannunka kake ƙara ɗaure abin da kake ƙoƙarin saki.

Sifana mai ɗamarar roba an gina ta ne a kan akasin wannan. Mariƙi ne na roba mai tauri, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, a jikinsa an kafa wata ɗamara ta baƙar roba mai laushi wadda aka saƙa zare a cikinta don kada ta miƙe da yawa. Za ka zagaya ɗamarar a jikin abin da kake son kwancewa, ka zura bakinta ta wata kafa a mariƙin, ka ja har ta ɗame. Idan ka fara murɗawa, hancin mariƙin sai ya danne ɗamarar a jikin ƙarfen, iya ƙarfin da ka sa, iya ƙara ɗamewar da za ta yi. Ɓangare ɗaya kawai take kamawa, akwai kibiya a jikin mariƙin da ke nuna shi, idan ka juya ta sai ta yi ta sulɓewa. Masu famfo da ita suke kama bututun da ba a son ya ƙuje, kanikawa kuma da irinta suke kwance filtar man mota. Abin da ya sa ta dace da tocila shi ne ta raba ƙarfin a duk kewayen zoben, babu haƙori, babu wurin da ya fi wani shan matsi ƙwarai. Dole ne kuma su zama biyu, ɗaya a kan zoben, ɗaya a kan kan tocilar, kowace tana ja ta nata ɓangaren, domin hannu tsura ba zai iya riƙe gangar jikin ba idan aka sa ƙarfi na gaske. Wanda ya sayi ɗaya tak ya sayi rabin kayan aiki.

Inda ta fi burge ni shi ne a kan tociloli masu faɗin kai, daga milimita 35 zuwa sama, waɗanda aka liƙe da matsakaicin gam. Ta farkon da na gwada ba zan manta da ita ba. Na cire batir, na goge zoben da kan tocilar da sinadarin goge allon waya don in kawar da maiƙon hannu, na ɗaura sifanonin biyu kusa da juna yadda mariƙansu suka buɗe kamar almakashi, sannan na ɗora su a kan cinyata na matse su da hannu biyu a hankali. Da farko babu abin da ya faru, robar ce kawai take miƙewa tana ƙara, har na ji tafin hannuna ya ɗauki zafi. Can sai na ji "ƙas", ƙara ɗaya siririya kamar an karya tsinken tsintsiya, mariƙan suka haɗu da juna. Gabana ya faɗi, na ɗauka gilashi ne kuma. Da na duba sai na ga gilashin lafiya lau, zoben ne ya juya kamar faɗin farce. Daga nan da yatsu na ƙarasa kwancewa, yana tafiya da ɗan gurzo, wani gari mai ruwan bula yana zubowa daga tiredin a kan farar takardar da na shimfiɗa. Na juya zoben a hannuna ina neman tabo ko ɗaya, ban samu ba, sai ɗan baƙin sawun roba da ya fita da shafa ɗaya. Tun daga ranar na tabbata kuɗina ba su tafi a banza ba, kuma kuɗin biyun gaba ɗaya bai kai na tocila mai kyau guda ɗaya ba.

Jan gam kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya san iyakar abin da ya saya. A kan irin wannan zobe ɗamarar takan ɗame, ta miƙe, sannan ta sulɓe, ko sau nawa ka sake ɗaurawa. Da farko na ɗauki wannan a matsayin gazawa, amma daga baya na fahimci cewa sulɓewar kariya ce, domin robar takan saki kafin ƙarfin ya kai inda zai murɗe siririn alminiyam ko ya fasa gilashi. Idan ta sulɓe sau biyu ko uku a kan ƙarfe mai tsabta, ba ƙarin ƙarfi ake bukata ba, zafi ake bukata.

Sai dai zafin nan ne wurin da ya fi kowane hatsari a duk aikin, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Digiri 250 da aka ambata an faɗe shi ne don noti da kusar ƙarfe, ba don kan tocila ba. Sodar da ta riƙe wayoyi da ƙwan, idan irin mai haɗin kuza kashi 63 da darma kashi 37 ce, a digiri 183 take narkewa, wadda ba ta da darma kuma a wajen 217. Idan tocilar tana da ruwan tabarau na roba maimakon kwanon ƙarfe, mafi yawansu suna fara laushi ne tun daga wajen digiri 100. Maganaɗisun da ake sa wa wasu a gindi yana fara rasa ƙarfinsa idan ya haura digiri 80. Ga zoben roba mai hana ruwa shiga, ga maɓallin kunnawa. Sannan alminiyam yana watsa zafi da sauri fiye da ƙarfen noti nesa ba kusa ba, ba za ka iya gasa zoben kaɗai ka bar sauran da sanyi ba, cikin ɗan lokaci duk kan ya ɗauka. Saboda haka manufar ba a ƙone gam ɗin ba ce, a'a, a raunana shi ne kawai yadda sifanar za ta ƙarasa. Batir kuwa ba ya kusantar wannan aiki ko kaɗan. Batirin litiyam irin 18650 ba a son ya wuce digiri 60, kuma idan ya kama da wuta ba wasa ba ne. Duk tocilar da batirinta yake a rufe a ciki, ba ya fita, ba na sa mata zafi ko da mai ita ya roƙe ni.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta tafasasshen ruwa, saboda ruwa ba ya wuce digiri 100 ko wutar ta kai yaya, shi da kansa yake tsare maka iyaka. Nakan cire kan tocilar daga gangar jiki, in sa shi a leda mai kauri in ɗaure, in tsoma a tukunya na minti biyar zuwa goma, in ciro da tsumma, in ɗaura sifanonin da sauri kafin ya huce. Sau da yawa ba ya saki a karon farko. Akwai wadda sai da na yi mata haka sau huɗu a yini biyu, ina barinta ta huce sarai tsakanin kowane karo, domin buɗewa da tsukewar ƙarfen su ma suna tsattsaga busasshen gam. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, a wannan aikin kuwa kusan a zahiri ake dafa shi. Handiraya, wato injin busar da gashi, ma tana yi idan gam ɗin kaɗan ne. Wadda ta gagari duka biyun, na ɗauke ta zuwa wajen wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, saboda suna da injin hura iska mai zafi wanda ake iya saita masa digiri. Ya juya ta a hannunsa ya ce, "Malam, wannan ai ba waya ba ce, ƙarfen nan zai sha zafi kafin ya ji." Na roƙe shi ya rage injin ƙasa da yadda ya saba, ya riƙa zagaya bakin zoben kada ya tsaya wuri ɗaya, ni kuma na tsaya da sifanonin a shirye. Ta buɗe a karo na biyu, garin da ya zubo ja ne kamar jan kanwa, amma zoben roba na ƙarƙashin gilashin ya tauye, sai da na canza shi.

A nan ne kuma wani aibin sifanar ya bayyana. Ɗamarar ba ta son ƙarfe mai zafi sosai. A zafin tafasasshen ruwa babu matsala, amma bayan injin iska sai ta yi laushi, ta bar baƙin shafi a jikin tocilar, fuskarta ta ciki kuma ta yi sulɓi kamar an goge ta da mai. Dole na kankare ta da takardar yashi kafin ta dawo tana kamawa. Ƙurar hunturu ma abokiyar gabarta ce, idan ta kwanta a kan robar sai kamun ya ragu da rabi, don haka nake ajiye su a cikin leda nesa da rana, in kuma goge su kafin kowane aiki.

Babban ƙorafina yana kan ƙaramar. An yi ta ne da tunanin bututu da murfin kwalba, ba da tunanin tocilar aljihu mai faɗin milimita 24 ba. A wannan ƙanƙanta ɗamarar ba ta lanƙwasuwa da kyau, kaurinta ya yi yawa, hancin mariƙin kuma ba ya samun wurin dannawa. Abin da ya fi wannan shi ne faɗinta. Zoben bakin ƙaramar tocila tsayinsa bai fi milimita uku ko huɗu ba, ɗamarar kuwa ta ninka haka sau da yawa, saboda haka rabinta yana kan zoben, rabi yana kan kan tocilar, ka ga kana murɗa abu biyu tare ke nan. Na gwada ɗora ta a gefe yadda bakin kawai za ta kama, sai ta riƙa zamewa gaba. A irin wannan hali dabarar da ta fi ta aiki ba ta bukatar sayen komai: a yanko tsohon tif na keke, a shimfiɗa a kan daɓen siminti, a kifa bakin tocilar a kai, a danna da nauyin jiki, sannan a murɗa gangar jikin da sifanar. Robar ƙasa ta riƙe zoben, sifana ta juya jikin. Da wannan haɗin na buɗe ƙanana guda biyar. Mariƙin ƙaramar kuma ya tsage a bakin kafar da ɗamara ke bi bayan wata kamar takwas, na ɗaure shi da waya yana ci gaba da aiki, amma wannan ya nuna cewa robar da aka yi shi da ita ba ta kai ta babbar inganci ba.

Akwai kuma tocilolin da babu sifanar da za ta buɗe su, kuma gara mutum ya gane su kafin ya ɓata ƙarfinsa. Wasu zoben bakinsu ba shi da tiredi sam, da inji aka danna shi ya shige, kamar yadda kamfanin tocila na Zebralight suke yi, har ma su cika allon lantarkin da wani sinadari mai daskarewa don ya jure faɗuwa da jijjiga. Irin wannan ko shekara za ka yi kana murɗawa ba zai fito ba, domin ba da murɗawa ya shiga ba. Wasu zobban na ciki kuma, musamman na gindi, tiredinsu na hagu ne, idan ka juya yadda ka saba ƙara ɗaurewa kake yi. Tocilolin roba masu caji da suka cika kasuwanninmu su ma ba aikin wannan sifana ba ne, da ƙananan sukurori ko maƙalai aka haɗa su, wasu kuma narka bakin aka yi aka haɗe.

Ba na cikin masu ganin cewa mugunta ce take sa kamfanoni liƙe kayansu. Zoben da ya sassauta da kansa yana ba ruwa hanya, yana sa ƙwai ya kauce daga tsakiyar kwano, kuma kamfanin da ya yi alkawarin cewa tocilarsa za ta jure nutsewa a ruwa yana da dalilin hana kowa buɗe ta. Wanda ya buɗe ya sani cewa garantin kamfani ya faɗi, kuma hana ruwa shiga ya koma wuyansa. Abin da nake ƙi shi ne a zuba jan gam a inda ɗigon shuɗi ɗaya ya wadatar, domin hakan yana mayar da abin da za a iya gyarawa ya zama abin jefarwa ranar da waya ɗaya ta tsinke a ciki.

Bayan zoben ya fita, sauran aikin na natsuwa ne, ba na ƙarfi ba. Nakan share tiredin da tsinken sakace da ɗan buroshin tagulla har sai zoben yana shiga da fita da yatsa biyu. Cikin kwanon haske ba a taɓa shi da yatsa ko tsumma, domin abin da ke ƙyalli a jikinsa shafi ne siriri ƙwarai, shafa ɗaya ta isa ta dusashe shi har abada, sai dai a hure ƙura da iska. Wayoyi biyu ne suke zuwa kan ɗan farantin jan ƙarfe da ƙwan yake zaune, a cire su da ƙarfen soda, a ɗaga farantin. Ƙwayayen suna da girma daban-daban, wanda ake kira 3535 milimita uku da rabi ne kowane gefe, irin su XP-L da SST-20 da 519A, wanda ake kira 5050 kuma milimita biyar ne, irin su XM-L2 da SST-40, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya sai an canza farantin da ɗan zoben da ke tsayar da shi a tsakiya. Man isar da zafi da ake shafawa a ƙarƙashin farantin kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar gero, a danna ya baje. Kafin in rufe nakan sa batir in haska bango, in ga ko akwai baƙin rami a tsakiyar hasken, wanda yake nuna cewa tsayin ƙwan da kwanon bai daidaita ba. Idan na mayar da zoben kuwa ba na sake sa gam, zoben roba mai kyau da ɗaurin hannu sun ishe ni.

Ga wanda yake son fara wannan sha'awa, shawarata ita ce kada ya fara da tocilar da aka liƙe, kuma kada ya fara da ta wani. Tocilar Convoy S2+ ta daɗe tana zama makarantar masu koyo saboda babu gam a cikinta, kayan cikinta suna zaune a wani ɗan gwangwani da ake kwancewa ta baya da ɗan hantsaki, allon daidaita wutarta milimita 17 ne, farantin ƙwai 16, batirinta 18650. A irin ta da, ƙananan guntayen AMC7135 ne suke tsare wuta, kowane ɗaya yana barin miliamfiya 350 ta wuce, guda takwas sun ba da amfiya 2.8, lissafin da yaro ma zai iya yi. A kanta mutum zai koyi soda da daidaita haske ba tare da fargabar fasa gilashi ba, kuma ba ya bukatar sifana ko ɗaya. Sai hannunsa ya faɗa sannan ya tunkari masu gam.

Idan ranar ta zo, ya sayi biyu, ya duba cewa akwai zare a cikin ɗamarar ta hanyar kallon bakin da aka yanke, ya lanƙwasa ta a yatsa ya ga ko tana tsattsagewa, ya kuma zaɓi wadda ɗamararta ta fi siranta idan ƙananan tociloli ne a gabansa. Babbar tawa har yau lafiyarta ƙalau, kuma da za ta ɓace da gobe zan sake sayen irinta. Ƙaramar kuwa ina neman wadda ta fi ta ƙarfin mariƙi. Kawuna kuwa, na saya masa wata tocilar a madadin wadda na fasa, ita ma da gam a bakinta, shuɗi ne, ta buɗe bayan tsomawa ɗaya a ruwan zafi, na sa mata ƙwai mai 4000K. Da ita yake karatunsa na asuba yanzu, ya jingina ta da bango tana haska rufin ɗaki, hasken yana saukowa a kan takardar.